Taubashina Ya Koma Ce Mini Malam

Assalamu alaikum Hajiya Nana Firdausi. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zai raba gidanmu biyu. Na daɗe ina karanta wannan fili naki, kuma ki yafe ni, na sha yi wa masu rubuto miki dariya, don dariya ita ce sana'ata. Yau ga shi abin ya zagayo kaina. Ina roƙon ki sakaya sunana.

Ni ɗan Gumel ne, marubuci, amma ba na littafi ba, na talabijin. In kin taɓa kallon shirin barkwancin nan Rumfar Tsakiya, to rabin maganar da ke fita daga bakin 'yan wasan a kaina aka dafa ta, ko da yake sunana kan wuce a ƙarshen shiri da gudu kamar ɓarawon kaza. Da koyarwa na fara, a wata firamare a Sule Tankarkar, ina shirya wa yara ɗan wasan kwaikwayo ranar rufe makaranta. Wani baƙo ya gani, ya ce in gwada aika rubutu gidan rediyo. Daga rediyo aka ja ni Kano. Mu huɗu ne a ɗakin rubutu, kowa ya zo da abin dariyarsa ya jefa tsakiya, wanda ya motsa sauran ukun ya rayu, wanda bai motsa su ba a binne shi nan take. Mutane na zaton hutu muke yi. Wanda bai taɓa zama gaban ƙarti uku masu ɗaure fuska yana jiran ganin haƙoransu ba, bai san wahala ba. Daga baya muka shiga yin katun, gajeru na kallo a waya da talabijin, ni in rubuta, masu zane su zana, masu murya su ɗora. A nan sunana ya fita, a nan kuma damuwata ta samo asali.

Ina da taubashi, ana ce masa Cindo, ɗan Goggo Hajaratu ƙanwar mahaifina da ke aure a Gagarawa. Da yatsa shida aka haife shi a hannun dama, Goggo ta hana wanzami ya taɓa, ta ce abin da Allah ya ƙara mata ba ta ragewa. Tun muna yawo ba wando muke wasa da shi. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce shi ne nawa, har yau ba a raba gardamar ba. Da gashina ya fara gudu sai ya raɗa mini Kan Tulu, ni kuma ina kiran sa Shida. Dillalin raƙuma ne a karar Maigatari, kasuwar dabbobi. Duk ranar Alhamis Buzaye da mutanen Damagaram sukan danƙa masa akala su tafi sha'aninsu, fataken kudu kuma su tsaya jiran sa ko da wasu dillalan na jan rigarsu. Baki gare shi, Hajiya. In ya fara yi mini tsiya har kurma sai ya juyo.

Ranar aurena, da muka je sayen baki, shi ya shige gaba. Ya tsayar da ni gaban ƙawayen amarya kamar raƙumin sayarwa, ya buɗe bakina ya nuna musu haƙora, ya ɗaga ƙafata ya ce su duba ba kaushi. Suka ce angon ya cika gajarta, ya ce ai ado ne. Suka ce ga sanƙo, ya ce ai ado ne. Duk aibin da suka nuna, amsar ke nan, har amarya Tayyiba ta kasa riƙe dariya a cikin mayafi, bakin ya buɗe da kansa. Tun daga ranar maganar ta zauna a danginmu. Tuwo ya ƙone, ai ado ne. Yaro ya faɗi jarrabawa, ai ado ne.

To da muka zo neman wanda zai riƙe katun ɗinmu, sai na tuna. Na ƙirƙiro wani dillali mai suna Na-Ado, wanda ke sayar wa mutane gurgun raƙumi ya ce ɗingishin ado ne, ya sayar da makaho ya ce kunya ce ta hana shi buɗe ido. Akwai ranar da ya sayar da matacce ya ce barcin rana yake. Na canza suna, na canza gari, ban ambaci Maigatari ko sau ɗaya ba. Mai zane ne ya tambaye ni abin da zai bambanta shi da sauran mutanen kasuwa, na ce ya ƙara masa yatsa, in yana lissafi da hannu kullum ya sami rarar ɗaya. Abin ya karɓu fiye da zatonmu. Direbobi suka rubuta maganar a bayan motoci, har tsallaken iyaka an ce yara na yin ta. Farkon fitowarsa Cindo da kansa ya turo mini saƙon murya yana dariya, ya zage ni tas, ya ce ranar da ya kama ni sai ya soya ƙwai a kaina. Shi ya sa nake cewa ba katun ne matsalar ba, don na san wasu za su yi saurin faɗin haka.

Babbar Sallar da ta wuce na je Gagarawa gaishe da Goggo. Na shiga zaure na shirya kunnena, sai Cindo ya miƙe tsaye, ya gyara mini tabarma, ya ce sannu da zuwa Malam. Na zaci sabon salon tsiya ne, na jira ƙarshen. Sai ya tambaye ni iyali, ya tambaye ni aiki. Na cire hula na ajiye a gwiwa, ga kai na sheƙi a gabansa, ya duba ya ce ya hanya. Na kira shi Shida, ya ce na'am. Tunda uwata ta haife ni Cindo bai taɓa ce mini na'am ba. Na koma Kano ina ta juya abin, har zaren ya fara haɗuwa.

Akwai wani Abdulfatah, ɗaya daga cikinmu huɗun nan na ɗakin rubutu. Mun sami saɓani a kan sunan wa zai fara fita a allo, ya yi fushi ya bar mu, ya buɗe nasa shirin a wani gidan talabijin. Mutum ne mai wayo, ba na hana shi, amma ba shi da rijiyar kansa, a ta mutane yake ɗiba. Hudu, wani direba da ke jigila tsakanin Gumel da Maigatari, ya rantse mini ya ga Abdulfatah a kasuwa ranar wata Alhamis, zaune da Cindo a teburin mai shayi, sun daɗe suna magana. Me ya kai ɗan birni karar raƙuma? Ba a jima ba sai ga wani labari a shirinsa: wani malamin makaranta mai sanƙo ya hau raƙumi don a ɗauke shi hoto ya aika wa budurwa, raƙumi ya miƙe, malam ya rungume wuya yana kiran sunan uwarsa, mazagin wando ya tsinke. Hajiya, ni ne wannan malamin. Lokacin ina neman Tayyiba ne, ranar kasuwa, kuma Cindo ne ke riƙe da akalar. Ban taɓa gaya wa kowa ba. To in ba shi ba, wa ya kai labarin?

Sai kuma zancen aljihu, wanda shi ya fi tsaya mini a rai. A wannan zuwan na Sallah, muna tafe ni da Cindo daga masallaci zuwa gidan Goggo, yara suka biyo mu suna tafi suna ai ado ne, ai ado ne. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi ya kama ni, marubuci ya ji maganarsa a bakin yaran gari. Na juya in ga ko shi ma yana dariya, sai na ga ya cusa hannun dama a aljihu. Tun daga nan na sa ido. Duk zaman da muka yi hannun nan na aljihu. In za mu gaisa ya miƙo shi a gurguje cikin hannun riga ya mayar. Aka kawo tuwo, mu da muke kokawa a kan nama a kwano ɗaya, ya ce ya ƙoshi. Na san abin da ake ajiyewa a aljihu a riƙe haka, don ni ma ina yi. In na shiga tasha ko wurin mai shayi nakan kunna waya a aljihu in ɗauki hirar mutane, in na koma gida in tace. Zargina shi ne ɗaukar maganata yake yi yana tura wa Abdulfatah, shi ya sa ya rage magana, ya bar ni ina ta zuba.

Ga kuma wani abin. Cindo ya bar tsakiyar kara. Hudu ya ce yanzu a gefe yake zama wajen awaki, wani makon ma ba ya zuwa, sai dai a gan shi a ƙananan kasuwannin ƙauye. Buzayen da suka saba ba shi akala sun koma hannun wasu. Wai har akwai ranar da wani falke ya ce ya buɗe hannu a ƙirga yatsun kafin a yi ciniki, kara ta ɗauki dariya. Wannan ai wasa ne, dillali kuwa da wasa yake cin abinci, Cindon da na sani da ya mayar masa da goma. Mutumin da ya saki sana'ar da ya gada haka siddan, ai ya sami wata hanyar ci ke nan. Biri dai ya yi kama da mutum.

Na tambayi Goggo ko wani abu na damun ɗanta, ta dube ni ta ce ruwa ba ya tsami banza, sannan ta tambaye ni ko a ƙaro miya. Muhsina, babbar 'yar Cindo, wadda a da take rugowa ta karɓi jakata tana tambayar tsaraba, yanzu sai ta durƙusa daga nesa ta gaishe ni ta shige. Muna zaune katun ɗin ya zo a talabijin ɗin gidan, ta tashi ta kashe, wai batir ya yi ƙasa. Kamar dai gidan gaba ɗaya sun haɗa baki. Matata Tayyiba ta ce in je in same shi mu yi magana, ta ƙara da cewa wai halina nake gani a jikin mutane. Ita ma na fara tunanin ta san wani abu, don kusan kullum suna waya da matar Cindo, in na shigo sai hirar ta koma ta farashin gero.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da haƙuri shi ne, wani kamfani ya nemi mu yi cikakken fim na katun, Na-Ado ne jarumi, ni ne marubuci. Irin damar da mutum ke jira duk rayuwarsa ke nan. Amma wata da watanni ina zaune gaban kwamfuta ba abin da ya fito sai abin da ni kaina ba ya ba ni dariya. A da in kaina ya toshe sai in buga wa Cindo waya, ya zage ni son ransa, in rama, in ajiye waya kaina cike. Yanzu in na buga sai ya gaishe ni, ya yi mini addu'a, ya ce a gaida yara. Na fara ganin shirin ke nan: a ƙafar da rijiyata a cika ta Abdulfatah.

Bayan kaka za a ɗaura auren Muhsina a Gagarawa, dangi duk za su hallara. Na yi niyyar in kira shi gaban Goggo da baffanninmu, in zayyana abin da na gani, in ce ya fito da abin da ke aljihunsa kowa ya gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma wani lokacin sai gabana ya faɗi, don in na yi haka na san babu komawa. Gaskiyar magana ina jin zafi, kuma ina kewar mutumin nan. Ban taɓa sanin girmamawa na da ciwo haka ba. In tona shi, ko in rabu da shi in nemi wani jarumin in manta ina da taubashi? Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Naki,
Mai Sanƙo, ɗan Gumel mazaunin Kano

AMSA

Wa alaikumus salam Mai Sanƙo. Na sakaya sunanka kamar yadda ka roƙa. Na lura ba ka roƙa wa kowa wannan alfarma ba, sai na yi musu da kaina: sunayen mutane da na shirye-shirye duk na sauya, laƙabin Cindo kawai na bari, don masu shi da yawa a duniya. Ka riƙe wannan a ranka, don kusan duk amsata a nan take.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. Marubuci daga bakin mutane yake ci, ba wanda ke tono barkwanci daga ƙasa kamar rogo. Cin amana tsakanin abokan aiki kuwa ba sabon abu ba ne, kuma ban ɗauke wa Abdulfatah zuwa Maigatari da wata manufa ba. Mai yiwuwa ya je neman asalin Na-Ado ne. Zafin da kake ji ma na gaske ne, ban raina shi ba. Shi ma Cindo yana da nasa, don ya bar ka cikin duhu kana ta lalube.

Amma hujjojinka ba su da ƙafa. Ka ce labarin raƙumi daga kai sai Cindo, alhali da bakinka ka ce ranar kasuwa aka yi. Ɗana, malamin makaranta ya rataye a wuyan raƙumi ba wando a tsakiyar karar Maigatari ranar Alhamis, ka ce sirri ne? Na tabbata har Damagaram an ci tuwo da wannan labari. Shan shayi da mutum kuma ba laifi ba ne, dillali da kowa yake zama. In ma a ce Cindo ne ya ba da labarin, ni da murna zan yi maka, don ramuwa ce, mai ramawa kuwa bai bar wasa ba. Abin tsoro shi ne shirun.

Ka koma ka karanta wasiƙarka kamar wani ne ya rubuto. Yaushe hannun ya shiga aljihu? Lokacin da yara suka biyo ku suna tafi. Wane hannu ne? Na dama, mai yatsa shida, wanda ka sa aka zana. Ba waya a aljihun nan, Mai Sanƙo. Yatsan da Goggo ta hana wanzami ya taɓa shi yake ɓoyewa, yana da 'yar da ta isa aure. Kai ka saba kunna waya a aljihu, shi ya sa ka ga waya. Tayyiba ta riga ni faɗa maka, kuma hirar da take yankewa in ka shigo, ina zaton kukan matar Cindo take saurare.

Dubi kuma abin da ka yi wa maganar. Ranar da Cindo ya ce ai ado ne, kai yake tallatawa, aibinka yake rufewa gaban ƙawayen amarya, don ya samo maka mata. Kai ka ɗauke ta ka sa a bakin macuci mai sayar da mataccen raƙumi, ka liƙa masa sana'ar taubashinka da hannunsa. Canza suna da gari bai ɓoye komai ba tunda ka bar yatsan. Dillali ba shi da shago, ba shi da kaya, amana ce jarinsa. Buzun da ya taho daga nesa da raƙuminsa ba zai tsaya bambance katun da gaskiya ba, ya dai ji yara na kiran mutumin nan da kirarin mai cuta, sai ya miƙa akalarsa gaba. Ba sakin sana'a Cindo ya yi ba, sana'ar ce ta zame masa. Dariyar da ya yi a farko ta gaske ce, lokacin abin bai iso kara ba.

Za ka ce me ya hana shi faɗa. Kai ma ka san amsar. Taubashi ba ya cewa ya ji zafi, ranar da ya faɗa ya zama abin dariyar dangi, an ce wasa ya kayar da shi. Al'ada ta ba ku damar zagin juna ne bisa sharaɗi guda: a fili ɗaya, gaban mutane ɗaya, ka faɗa ya mayar. Kai ka ɗauke wasan ka kai shi inda dubban mutane ke jin ka, shi kuwa ba mai jin sa sai awaki. Ba zai iya ramawa ba, ba zai iya kuka ba, sai ya ajiye wasan ya ba ka girma. Malam ɗin nan da yake ce maka, ita ce maganar da ta fi kowace nauyi da ya taɓa faɗa maka.

Ga shawarata. Ka cire zancen tara dangi ranar auren Muhsina daga ranka. In ka sa mutumin nan ya zaro hannunsa gaban baffanninku ranar auren 'yarsa, abin da zai fito ba za ka iya kallonsa ba, Goggo kuma ba za ta manta ba har ta koma ga Allah. Ba sai ka yar da fim ɗinka ba, abincinka ne da na 'ya'yanka. Amma tun kafin a zana layi ɗaya ka gaya wa kamfanin yatsan nan ya fita, daga fim ɗin da duk wani katun da za a yi nan gaba. Ka sanar da Cindo da bakinka, ka tambaye shi ko ya yarda Na-Ado ya ci gaba da zama dillali. In ya ce a'a, ka sauya masa sana'a, ƙwaƙwalwarka ba ta ƙare ba. In kuwa ya yarda, ka yi wa Na-Ado taubashi, gajere, mai sanƙo, mai tsoron raƙumi, ka bar wa Cindo ya zuba masa abin da ya ga dama, a rubuta sunansa a allo a ba shi haƙƙinsa. Ka yi faɗa da Abdulfatah a kan sunan wa zai fara fita, ga wanda ya yi shekara da shekaru yana cika maka kai ko sau ɗaya nasa bai fita ba. Wayar aljihun nan taka ma ka daina kunna ta a kan mutanen da ba su sani ba.

Amma duk wannan bayan ka je ne, kuma ba a waya ba, zumunta a ƙafa take. Ranar Alhamis ka tashi ka tafi Maigatari, ka neme shi a gefen da ya koma. Kada ka yi masa dogon jawabi, kai marubuci ne, za ka ɓata. Ka ce ka yi kuskure, ka ga abin da ya jawo masa, ya yafe maka. Sannan ka ja shi tsakiyar kara, gaban dillalai da fatake, ka ce ya zaɓa maka dabbar da za ka kai gudummawar bikin Muhsina. Duk wadda ya nuna ka karɓa, kada ka buɗe bakinta, kada ka taɓa ƙafarta, kowa ya ga wanda ya ƙirƙiri Na-Ado da ido rufe yake sayen abin da Cindo ya zaɓa. In an sallama, ka miƙa masa hannu ka riƙe nasa da kyau, kada ka yi saurin saki. Daga nan ka cire hularka, ka ba da labarin raƙumi da mazagi da bakinka, ka tsaya ka jira.

Mai yiwuwa ya ce maka sannu Malam. In haka ta faru kada ka yi fushi, ciwon ya daɗe, ka koma wata Alhamis ɗin. Ranar da ka ji ya juya ga mutane ya ce su zo su ga bawansa Kan Tulu, ka yi shiru ka sha zagin har ya gaji, don ɗan'uwanka ne ya dawo.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sanya albarka a auren Muhsina, ya buɗe maka kai a rubutunka. Ka gaishe mini da Tayyiba, ka riƙa jin maganarta.

Taku,
Nana Firdausi